Neman Fuskar Ƙanena Daga Batsari Zuwa Safana

Mun tashi da asuba daga Katsina, ana sallame salla muka kama hanyar tasha, mu uku: ni da kawuna da wani abokina mai gyaran waya da kwamfuta. Ku da kuke bibiyata kun saba in na yi tafiya in dawo muku da labarin kasuwa da abinci da hotunan duwatsu. Wannan karon ma za ku samu kaɗan, amma ku yi haƙuri da ni, ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Bidiyo na je nema, na 'yan mintoci, wanda zai fito da ƙanena daga hannun 'yan sanda. Ba zan kama sunan kowa ba, kun san dalili.

Ƙanena manomi ne a ƙauyen Karare, can yankin Batsari, in an kwashe amfanin gona kuma ya riƙa ɗaukar kaya a babur. Sati uku kafin wannan tafiya aka tare shi a hanyar gona aka yi gaba da shi. Laifin da aka ɗora masa shi ne wai wata ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, an gan shi da jarkokin mai yana kutsawa daji ta bayan ƙauyen Wagini, wato yana yi wa 'yan bindiga safara. Wa ya gan shi? Wani. Wane ne wanin? Ba a faɗa. Wannan fa mutumin da 'yan dajin suka kore wa shanun noma biyu bara, bana da na aro ya yi huɗa. An bar jaki ana dukan taiki. Shi kuwa tun ranar farko maganarsa ɗaya ce: ran nan ya sha mai a Batsari da hantsi, ya wuce Safana ya kai wa surukinsa sabuwar gyaɗa, kuma a can la'asar ta same shi.

Lauyan da muka ɗauka, a makare, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ranar Litinin za a gurfanar da shi. In kuwa wannan tuhuma ta shiga gaban alƙali, maganar beli sai wani ikon Allah, gidan yari za a kai shi ya jira shari'a, kuma jiran irin wannan shari'a ba na wata ɗaya ko biyu ba ne. Na ce ai surukinsa zai ba da shaida. Ya ce shaidar suruki shaidar cikin gida ce, ba mai kallonta. Abin da yake so shi ne hoto mai motsi, da kwanan wata da lokaci a jikinsa, daga kyamarar tsaro ta wani wanda ba danginmu ba. In ya samu wannan kafin Litinin yana da bakin magana. Ranar da muka tashi saura kwana huɗu.

Motar Batsari dubu uku ce yanzu kowane mutum, huɗu a baya biyu a gaba, in ka yi ƙorafi direba ya nuna maka gidan mai da haɓa. Kawu ya shiga yana ba mu tarihin zamanin da yake zuwa Katsina da kuɗin da yau ba zai sayi ƙosai uku ba. An matse shi tsakanina da wata tsohuwa mai kwandon zabi, sandarsa a tsakanin ƙafafu, abokina kuma ya rungume jakar kwamfutarsa kamar mai jego. Titin ba laifi, matsalarsa shingaye. Na ƙirga har bakwai na daina: tayoyi, buhunan yashi, katako mai ƙusoshi. A kowanne hannun direba kan fita ta taga a dunƙule ya dawo a buɗe, a ce mana Allah ya kiyaye hanya. Da can ba na kallon fuskokin masu tsayuwa a shinge. Ran nan kuwa kowanne sai da na ƙura masa ido, ina tunanin ko yana cikin waɗanda suka ɗaure ƙanena da igiyar babur ɗinsa. Na san akwai na kirki a cikinsu, akwai ma waɗanda suka bar rayukansu a dajin nan don mu kwana lafiya. Amma wanda aka taɓa wa nasa ba ya iya adalci da sassafe, ni ma ban iya ba.

Gonakin kusa da gari sun yi kyau, masha Allah. An yanke gero an jera dammuna, dawa ta yi nauyi, wake ya rufe ƙasa. Amma da ka yi nisa sai ka fara ganin gona guda an nome, uku an bar wa ciyawa. Akwai wani ɗan tsakani da hira ta mutu a motar ba tare da kowa ya ce a yi shiru ba. Direba ya kashe rediyo ya taka mota, tsohuwar ta kama salati, har zabin ma suka yi tsit. Da muka fice daga wurin sai kowa ya yi gyaran murya, aka ci gaba da zancen tsadar taki daga inda aka tsaya.

Mun shiga Batsari wajen ƙarfe takwas, kuma muka dace da ranar kasuwa. Jakuna da babura sai shigowa suke daga ƙauyuka da buhuna, an zube dankali da rogo tsibi-tsibi a bakin titi, ga sabuwar gyaɗa har da ƙasarta. In dai dankali ne sai a sara wa Batsari, wannan ko ina cikin baƙin ciki zan faɗa. Mun karya da waina da miyar taushe a wajen wata mata a bakin kasuwa, ɗari-ɗari, kuma ta fi ta birni girma da auki. Kawu ya ci goma ya sha romo, sannan ya ce yau ba shi da ci saboda damuwa.

Gidan man da ƙanena ya ce ya tsaya yana kan hanyar fita gari. Tun daga nesa na hango kyamarori biyu a jikin rumfar, ɗaya tana kallon famfo ɗaya tana kallon titi, sai na ji hankalina ya ɗan kwanta. In aka gan shi a nan da buhun gyaɗa, babu jarka ko ɗaya, ya miƙi hanyar Safana, ai rabin aiki ya ƙare. Manajan mutumin kirki ne. Ya shigar da mu ofis, Kawu ya buɗe gaisuwa: an tashi lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya aka ji da jama'a, ya mai gidan man, ya mahaifa in suna raye, in sun riga mu Allah ya jiƙansu. Ina tsaye ina jin kamar in tsallake teburin. Da aka zo kan magana bai yi gardama ba, ya ce wa abokina ga na'urar nan, ya duba da kansa.

Bai yi minti biyar ba ya juyo ya dube ni, na gane. Ashe na'urar cikinta ƙarami ne, sati biyu kawai take riƙewa, daga nan sabon hoto ya riƙa hawa kan tsoho yana shafe shi. Ranar da muke nema ta goge kwana tara da suka wuce. Manajan ya ce, "Kash! Da a satin farko kuka zo, wallahi da na ba ku ko ba ku roƙa ba. Ina kuka tsaya?"

Ina muka tsaya? Bari in gaya muku. Ranar da aka kama shi na ce a nemi lauya. Kawu ya ce a'a, talaka ba ya ja da hukuma, in ka kawo lauya ka nuna faɗa kake nema, a bi ta manya. Muka je wurin mai unguwa, ya ce mu dawo jibi zai kai mu gaba. Wanda ya kai mu gabansa ya ce akwai wani babban mutum da ake jin maganarsa, amma ya yi tafiya. Muka jira babban mutum ya dawo, ya karɓe mu hannu biyu, ya sa aka kawo mana lemo, ya ce an gama, mu je mu kwanta. Muka je muka kwanta. Duk wanda muka roƙa sai an ba shi kwanaki kafin a sake leƙa shi, don ba a matsa wa babba. Muna can muna zaga zaurukan mutane, na'urar nan tana nan tana cinye kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ba Kawu kaɗai nake zargi ba. Ni da na yi boko, nake koyar da 'ya'yan mutane, na san abin da ya kamata, amma na kasa tsallake maganar yayan mahaifiyata don kada a ce na yi rashin kunya.

Da muka fito Kawu ya ce, "Haka Allah ya so." Na ce, "Haka ne Kawu, amma har da sakacinmu." Tunda nake ban taɓa gaya masa magana mai kaifin wannan ba. Ya dai gyara riƙon sandarsa ya yi gaba.

A tsallaken titi akwai wani shagon cirar kuɗi da ƙatuwar kyamara a saman ƙofa, baƙa wuluk, ta fi na gidan man kwarjini, kuma titin take kallo sosai. Muka tsallaka da sauri. Mai shagon ya saurare mu har ƙarshe, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce mu matso. Ya ce, "Don girman Allah kada ku hwaɗa ma kowa. Ƙwanso ne, babu komi ciki. Tsoratar da ɓarayi nike da ita." Abokina ya ɗaga kai ya duba da kyau, sai ga zanzaro yana fitowa daga ciki, ashe har gida ya gina. Dariya ta kuɓuce mana mu duka har da Kawu, irin dariyar da in ba ka yi ta ba kuka za ka yi.

Kafin mu bar garin mun ratsa ta cikin kasuwa, don Kawu ya ce ba a zuwa gaban suruki hannu rabbana, ya sayi goro da dabino. A nan muka riƙa cin karo da mutanen Karare. Wasu sun yi mana jaje, amma a tsaye, murya ƙasa-ƙasa, ido yana wani wuri, kafin ka amsa sun shige cikin jama'a. Akwai wanda ƙanena ya sha ɗaukar matarsa zuwa asibiti a babur don Allah, yana hango mu ya tsuguna ya kama buɗe bakin wata akuya yana duba haƙora, akuyar da ba saye zai yi ba. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. A yankin nan yanzu in aka ce wane yana da hannu da daji, gaishe da danginsa ma abin tsoro ne, kuma kowa ya san baki shi ke yanka wuya. Amma abin ya yi mini ciwo, har yanzu ma yana yi.

Saura Safana. Matar ƙanena ce ta gaya mini a waya cewa mahaifinta a ƙofar wani shagon maganin dabbobi yake wuni, kuma akwai wani abu mai jan ido a saman ƙofar, ba ta san ko shi muke nema ba. Motar ba ta cika ba sai sha ɗaya da rabi, kuma direbobi ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai da wata ta cika sannan muka jera. Dubu biyu da ɗari biyar muka biya, hanyar kuma ta fi ta safe ba da wahala, in ka kauce wa rami ɗaya ka faɗa yayansa. Duwatsun yankin suna nan yadda na san su, manya, sumul, kamar an kife ƙore. Da lafiya ake da na sa an tsaya na ɗauko muku hotuna, amma babu direban da zai taka birki a wurin saboda dutse. Wani fasinja ya riƙa nuna mana ƙauyuka da baki: nan an tashi, nan an dawo, nan an dawo an sake tashi. Wasu rumbunan babu ko jinka a kansu.

Mun isa Safana ana kiran azahar. Garin ya cika da baƙin fuskoki, mutanen ƙauye da suka dawo ciki, kowane zaure da tabarmi a naɗe a jingine. Bayan salla muka sha fura da nono a gindin wata darbejiya, ɗari bakwai ƙwarya. Nonon ya sha ruwa, kafin mu yi magana mai furar ta ce mu yi haƙuri, shanun da suka rage ba su da yawa. Daga nan muka nemi shagon.

Surukin ƙanena dattijo ne malami, mutumin ƙauyen Zakka, rashin tsaro ya dawo da shi cikin gari. Mun same shi kan buzu a inuwar rumfar shagon, da littafi a buɗe a gabansa. Mai shagon tsohon ɗalibinsa ne, magidanci mai gemu. Bayan an sha gaisuwa an ajiye goro, na faɗi abin da ya kawo mu. Ya ce kyamara tana aiki, da sola take, kuma wata guda take riƙewa. Amma fuskarsa ta canja. Ya ce shi a garin nan yake kwana da iyalinsa. In yau ya ba mu hoto, gobe za a ce shagonsa ne ke ɗaukar mutane yana miƙawa, kuma bai san wanda zai fara zuwa masa ba, masu kaki ko masu daji. Na buɗe baki zan yi magiya, Malam ya ɗaga mini hannu. Ya dubi mai shagon ya ce, "Ni na biya maka Fatiha. Tun daga rannan zuwa yau na taɓa roƙonka wani abu?" Ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam." Ya ce, "To yau na roƙa." Shi ke nan aka buɗe mana ɗakin ciki.

Ɗan ƙaramin allo ne a kan kwali, tsakanin robobin maganin feshi, warin wurin yana hawa kai. Abokina ya fara gwada agogon na'urar da na wayarsa, daidai suke. Ya koma baya, ya koma baya, har ranar Talatar. Tana nan. Ga rumfar, ga Malam kan buzunsa, ga kwanan wata da lokaci a kusurwa ɓaro-ɓaro. Ƙarfe biyu da minti arba'in, daidai lokacin da aka ce yana bayan Wagini, sai ga mutum ya shigo hoton da ƙafa.

Da ƙafa, don ba a hawa babur har gaban suruki, ya kafe shi can nesa inda kyamara ba ta kaiwa. Buhun gyaɗa yana kan kafaɗarsa ta ɓangaren da kyamarar take, ya tare fuskar. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa. Ya sauke buhun, kuma kafin buhun ya gama zama shi ya riga ya durƙusa, kai a ƙasa, hannu ɗaya ya dafa ƙasa. Kyamarar daga sama take kallo. Abin da muke gani shi ne tsakiyar hula, da ƙeya, da kafaɗu biyu cikin riga ruwan ƙasa.

Muka ce bari ya gama gaisuwa zai ɗago. Minti biyar. Minti goma. Ana ganin Malam yana magana yana motsa hannu, hular tana gyaɗawa. Ban san lokacin da na fara yi wa allo magana ba: ɗago mana, ɗago kanka, don Allah ko sau ɗaya. Can Malam ya miƙa masa wani abu, ina jin goro ne, na ce yauwa, yanzu dole ya duba. Sai ya sa hannu biyu ya karɓa ya ƙara sunkuyawa. Minti ashirin da uku ya yi a wurin. Da zai tafi ya miƙe a ranƙwafe, ya ja da baya da baya har bakin rumfa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya juya. Sau huɗu muna maimaitawa. Abokina ya jawo hoton ya ƙara masa girma, hular ta farfashe ta zama dabbare-dabbare. Ko gefen kunci ba mu samu ba.

Ashe Malam ya shigo yana tsaye a bayanmu. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Shekara bakwai shina tare da ɗiyata, ban taɓa ganin ƙwayar idonshi ba. Da na san ranar ga na zuwa, da na ce mashi shi dube ni." Kawu ya fita waje, na ji yana fyace hanci.

Duk da haka muka kwafe bidiyon a filash da kuma wayata. Sai da na fita bakin titi kafin sabis ya yarda ya tura wa lauya. Bai yi minti goma ba ya kira. Ya ce, "Malam, na ga lokaci, na ga kwanan wata, na ga dattijo. Ina fuska?" Na ce ai shi ne, kowa ya san shi ne. Ya ce kowa a gidanku dai. Ya ce mai gabatar da ƙara zai tambaya mutum nawa ke da irin hular nan a Safana, ni kuwa ina tsaye a wurin irin hular har biyu suka wuce ni a kan mutane. Ya ce zai gwada amma kada in sa rai, kuma ko gwadawar sai mai shagon ya sa hannu a takarda ya yarda zai zo kotu. Na koma na gaya wa mai shagon. Ya ce hoto ya bayar saboda Malam, amma ƙafarsa ba za ta taka kotu ba ko za a yanka shi. Na dubi Malam. Shi kuwa ya riga ya kashe roƙonsa guda ɗaya.

Ba a kaiwa yamma a kan hanya a wannan yanki, don haka ana idar da la'asar muka hau motar Dutsinma, daga can muka samu ta Katsina. Titin ya fi kyau, shingayen dai suna nan. An yi ta tallan rake da dafaffiyar gyaɗa ta taga, babu wanda ya saya a cikinmu. Da muka shigo gari za mu rabu a tasha, Kawu ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, kuma na san a wurinsa wannan ita ce ban haƙuri.

Na shiga gida ana kiran magariba. Mahaifiyarmu a wurina take tun da aka fara tashin ƙauyuka, na tarar da ita a bakin ƙofar ɗakinta da carbi, matata ta ce tun safe a nan take. Ban so in nuna mata ba, amma ba a ɓoye wa uwa abin da aka je nema. Bayan salla na kunna na miƙa mata wayar. Idonta ya yi rauni, sai da ta kai ta dab da hanci. Mutumin bai gama shigowa hoton ba ta ce, "Ga shi nan! Ga tahiyarshi nan, ga ƙeyar ubanku." Ta kalla har ƙarshe ba ta ajiye ba. Da aka zo inda ya karɓi goron ya ƙara sunkuyawa sai ta dafa ƙirji ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Dubi, ko sau guda bai ɗaga kai ya kalli surukinshi ba. Bai ba ni kunya ba."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗa. In an kama naka, ka gaida manya, ka yi addu'a, amma a ranar ka nemi lauya, a ranar ka bi duk inda ya ce ya taka ka nemi mai kyamara, don na'ura ba ta san a dawo jibi ba. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne an rene mu a kan sunkuyar da kai, an ce mana shi ne mutunci, kuma har gobe ban ce ƙarya ba ne. Sai ga shi wanda ya ce ya ga ƙanena babu mai tambayar tasa fuskar, shi da aka ɗora wa laifi shi ake jira ya kawo tasa. Da fitsararre ne mai tsayawa ƙerere a kan surukinsa yana zare ido, da yau ina da hujja a aljihu. Wannan tunanin ne ya fi komai cin raina, kuma ban san wa zan kai wa ƙararsa ba.

Inna ta miƙo mini wayar ta ce, "To tunda ga shi kowa ya gani, yaushe za su sako shi?" Na ce lauya yana kan aiki. Ta ce a sayo mata kuka da daddawa da busasshen kifi, tuwon da yake so za ta tuƙa masa da hannunta ranar Litinin. Matata ta dube ni, na kau da kai. Yau da safe na je kasuwa na sayo mata.